Wanda ya ba da ƙodarsa ma yana buƙatar a bibiyi lafiyarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan mutanen da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen ciwon ƙoda, wato waɗanda suka shiga asibiti da ƙafafunsu, lafiyarsu lau, aka cire musu ƙoda ɗaya domin a dasa wa ɗan'uwa.

Yau shekara uku ke nan da ƙanwata ta ba yayanmu ƙodarta a wani asibiti a ƙasar waje. Tun da suka dawo, shi yayan namu yana da likitan da ke ganinsa, yana da ranakun gwaji a rubuce, kuma idan maganinsa ya kusa ƙarewa dangi kan tashi tsaye. Ita kuwa, bayan dubiyar makonnin farko da addu'ar Allah ya saka mata da alheri, babu wanda ya sake tambaya ko an auna jininta, har da ni mai wannan rubutu. Sai bara da ta je awon ciki, wata ma'aikaciyar jinya ta ga tabon tiyatar ta tambaye ta, sannan muka fahimci cewa ta haura shekara biyu ba a gwada aikin ƙodar da ta rage mata ba.

Ba ina nufin tsorata masu niyyar yin wannan alheri ba ne. Ƙodar da ta rage takan ƙara himma har ta riƙe kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun ke yi, kuma Ronald Herrick, wanda ya ba ɗan tagwaicinsa ƙoda a birnin Boston a 1954 a dashen farko da ya yi nasara a duniya, ya rayu har zuwa 2010. Sai dai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna cewa cikin shekara 15, kimanin mutum 31 cikin kowane 10,000 na masu bayarwa ƙodarsu ta daina aiki, alhali tsakanin takwarorinsu masu lafiya da ba su bayar ba adadin bai wuce 4 ba, kuma tsakanin baƙar fata masu bayarwa ya kai wajen 75. Wani binciken na Kanada a 2015 ya gano cewa hawan jinin masu juna biyu ya fi samun matan da suka ba da ƙoda, kashi 11 cikin 100 idan aka kwatanta da kashi 5 na sauran mata. Haɗarin ƙarami ne, amma yana shigowa a ɓoye, shi ya sa ƙa'idar ƙwararrun likitocin ƙoda ta duniya ta 2017 ta ce a riƙa duba mai bayarwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna hawan jininsa da nauyinsa, a gwada kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa) a jininsa da furotin a fitsarinsa.

Ko a Amurka, inda tun 2013 aka wajabta wa asibitocin dashe su kai rahoton lafiyar mai bayarwa a wata shida, da shekara ɗaya, da shekara biyu, abin bai zo da sauƙi ba, domin mutumin da yake jin kansa garau ba ya son barin aikinsa ya yi doguwar tafiya don gwaji. Wannan ne ya sa masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka ƙirƙiro manhajar mKidney, wadda ke tunatar da mai bayarwa lokacin gwaji, ta ba shi damar amsa tambayoyin likita da tura sakamako daga inda yake.

Idan nisa ya zame musu matsala, to ina ga mu? A Najeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010, amma har yau cibiyoyin ƙalilan ne, ga kuma ɗimbin waɗanda ake yi wa aikin a Indiya ko Masar su dawo da takardun da babu mai karantawa. Mutumin Gashuwa ko Zuru ba zai kashe kuɗin mota da kwana biyu don a auna jininsa ba, amma wayarsa tana aljihunsa.

Sai dai kwaso manhajar Turawa yadda take ba zai yi mana magani ba. Da yawa daga cikin masu bayarwa mata ne da matasa masu ƙaramar waya, wasu ba sa karanta boko, wasu kuma data takan yanke musu. Abin da zai yi aiki shi ne gajeren saƙo ko saƙon murya da Hausa, ga masu babbar waya kuma hanyar ɗaukar hoton sakamakon gwaji su tura. Ya kamata kuma saƙon ya taɓo abin da ke kashe ƙoda a nan, kamar haɗin magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da man bilicin, da kuma yadda mai ƙoda ɗaya zai kula da shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur idan azumi ya faɗo a bazara.

Akwai kuma batun sirri, wanda nake ganin an fi raina shi. A unguwanninmu, budurwar da aka ji cewa ƙodarta ɗaya tana iya rasa manemi, ga shi waya ɗaya takan ratsa hannun mutum biyar a gida guda. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma tun wajen tsara saƙon ya kamata a yi hattara da abin da zai fito a fuskar waya.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a ɗauka cewa manhaja ita ce kulawar. Waya ba ta ɗibar jini, kuma sakamakon da aka tura babu mai dubawa aikin banza ne. Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asibitocin dashe su buɗe rajistar masu bayarwa, har da waɗanda aka yi wa aiki a waje, su ware ma'aikacin jinya da zai riƙa kiran duk wanda awonsa ya hau ko ya yi shiru, sannan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauki kuɗin gwajin shekara-shekara a asibitin da ya fi kusa da mutum.

Ƙanwata dai ta sauka lafiya, alhamdulillahi. A yanzu ƙararrawar wayata ce ke tunatar da mu ranar gwajinta, wani likita ɗan unguwarmu kuma yake duba mana sakamakon ta WhatsApp don zumunci.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano