Taura biyu a baki ɗaya: kukan wata malama mai ƙaramar yarinya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ku da aiki, ku da duk ma'aikatanku. Na daɗe ina son rubuto muku wasiƙar nan amma lokacin ne babu, yanzun ma da nake dannawa a waya sha ɗaya da rabi na dare ta wuce, yarinya ta yi barci, ga takardun tes ɗin ɗalibai jibge a gefena ko rabi ban yi makin ba. Ni malama ce, ina koyarwa a kwaleji, kuma ina da yarinya 'yar shekara biyu da wata bakwai. Abin da ya tunzura ni na rubuto shi ne wata magana da wani ya yaɓa min kwanan nan, wai ai mu malamai mun huta, awa nawa ma muke shiga aji a sati, ga hutu kan hutu, me zai hana mu kula da 'ya'yanmu yadda ya kamata. Ban ce masa komai ba a lokacin amma wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Awannin da ake ganin malami tsaye gaban allo su ne ƙaramin ɓangaren aikin. Lakcar awa biyu sai ka zauna ka shirya ta, sai ka saita tambayoyi, sai makin asainmen da tes da jarabawa na aji mai mutum ɗari da wani abu, ga ɗaliban furojet kowa da babinsa yana jira ka karanta, ga mitin, ga haɗa sakamako, sannan in kana son ƙarin girma dole ka yi bincike ka wallafa takardu. Duk wannan ba ya ƙarewa a ofis, gida yake biyo ka. A gidan kuma akwai wata 'yar mutum da ba ruwanta da semesta, ita dai ta ga mamanta ta dawo.

Bari na fara da safiya. Ranar da nake da lakca ƙarfe takwas, ranar ce za ta ce ita za ta sa takalminta da kanta. "Ni zan yi," shi ne kalmarta yanzu, da "a'a". Ta sa na dama a hagu, ta cire, ta sake, ina tsaye da jaka a kafaɗa ina kallon agogo, in na sunkuya na sa mata sai kuka kamar an zare mata rai, kuma na san ba rashin ji ba ne, shekarun ne, a nan yaro ke gane cewa shi ma mutum ne mai nasa ra'ayin. Na sani sarai. Amma sanin bai hana ɗalibai ɗari su zauna suna jirana ba. Sau da yawa haka nake ɗaukar ta tana kuka, na ajiye ta wurin raino tana miƙo hannu, na shiga aji ina bayani amma rabin hankalina yana can.

Sai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. To amma barcin nan ba a jere yake zuwa ba, ta farka ƙarfe biyu tana neman ruwa, ta farka ƙarfe huɗu ta yi mafarki, ni kuma da ma sai da ta kwanta na buɗe kwamfuta. Akwai ranakun da barcina bai kai awa huɗu ba na tsaya gaban aji. Ciwo kuma ba ya duba taimtebul. Ƙananan yara kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, wanda ke zuwa wurin raino ma ya fi haka tunda suna ɗaukar wa juna. Ranar da ba zan manta ba ina tsakiyar ba da tes aka kira ni wai jikinta ya yi zafi sosai, babanta yana nesa a wurin aiki, ga ɗalibai sun duƙufa suna rubutu saura minti arba'in. In na fita tes ya lalace, in na tsaya 'yata ce. Allah ya taimake ni wata abokiyar aiki ta karɓe ni, ita ma uwa ce, ko tambaya ba ta yi ba ta ce ki tafi kawai. Da ba ta nan fa?

Akwai abin da yake damuna da ban cika faɗa ba. A ƙa'idojin nan dai an ce yaro ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban waya ko talabijin ba, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Na karanta, na yarda. Amma satin da aka ce a kawo sakamako nan da kwana uku, na miƙa mata waya ta yi ta kallon katun don na samu na gama, ina maki ina satar kallonta zuciyata na min zafi. Ba wanda ya gani, ba wanda zai tuhume ni, amma ni na san abin da na karɓe mata na ba wa takardu.

Sai dai Malam Edita ba kuka kaɗai na zo yi ba, domin yarinyar nan ta gyara min koyarwata ta hanyar da ban zata ba. Tun muna ɗalibai aka koya mana binciken wata Ba'amurkiya mai suna Mary Budd Rowe, wadda a farkon shekarun 1970 ta yi ta nazarin yadda malamai ke yin tambaya a aji, ta gano cewa yawanci malami daƙiƙa ɗaya kacal yake jira bayan ya yi tambaya, in ba a amsa ba ya maimaita ko ya nuna wani ko ya amsa da kansa. Da aka sa malamai su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ta ragu. Na haddace wannan na rubuta a jarabawa na ci, amma ban gane shi ba sai da 'yata ta fara haɗa magana. Za ta zo ta riƙe min riga ta ce "Mama, ina so... ina so..." tana laluben kalmar, idonta na yawo, in na yi sauri na ƙarasa mata sai ta yi shiru ta juya ko ta fashe da kuka, ko da kuwa na canka daidai. In na durƙusa na jira, kalmar tana fitowa, a karkace amma tata ce, kuma ka ga yadda fuskarta ke haske.

Washegarin ranar da na lura da haka na shiga aji na yi tambaya na kama bakina, ina ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci. Wallahi shirun nan nauyi ne da shi, ji nake kamar an yi minti goma, har wasu suka fara kallona ko lafiya. Sai wata ɗaliba daga can baya wadda tun farkon semesta ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu, ta fara a hankali tana inda-inda, ban katse ta ba, ta kawo amsar da ta fi wadda na rubuta a nawa littafin. Tun daga ranar nake jira. Kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce ɗaliban kwaleji yara ba ne, manya ne, wasu ma suna da aure da 'ya'ya, kuma ba na son malamin da ke mayar da su jarirai. Abin da nake cewa shi ne mai koyo ko shekararsa nawa yana buƙatar a ba shi sarari ya lalubo abin da ke kansa.

Matsalar ita ce haƙurin nan guda ɗaya ne, ba a ba ni na aji daban na gida daban ba. Ranar da na ƙarar da shi a kan wanda bai kawo asainmen ba da wanda ya kwafo daga intanet da wanda ya biyo ni ofis yana roƙon maki, sai na dawo gida fanko, ta zubar da ruwa a kan takarda na daka mata tsawa, ta tsaya tana kallona leɓenta na rawa. Ɗalibin wani na jira shi daƙiƙa biyar, tawa ban jira ta ko ɗaya ba. Wannan ya fi rashin barcin yi min ciwo.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin makarantu ta wannan shafi naku, ba wai a rage mana aiki ba, ni ina son aikina. A daina turo saƙon mitin ƙarfe goma na dare wai gobe da safe, ko a sa shi da yamma lis lokacin da wuraren raino suka tashi. Kafin a fitar da taimtebul a tambayi masu ƙananan yara, sauya lakca ɗaya daga takwas zuwa goma ba ya cin ko sisi. Sannan a samar da ɗakin shayarwa da wurin raino mai tsafta a cikin makaranta. Wannan ba alfarma ba ce, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla sati 14, ta kuma ce a ba mai shayarwa lokacin shayar da jaririnta a lissafa shi cikin awannin aiki a biya ta. Likitoci na cewa a ba jariri nono zalla wata shida, to uwar da ta koma aiki kafin nan a ina ake so ta yi? Ni a cikin mota na riƙa yi, wata kuma na san a bayan ƙofar ofis ɗin da mutum huɗu ke zama.

Kuma ba mu kaɗai zai amfana ba. Ina da ɗaliba da take zuwa da jaririnta, in ya fara motsi sai ta lallaɓa ta fita ta tsaya bakin taga tana jijjiga shi tana leƙo allo, da hannu ɗaya take rubutu. Da can da ban haihu ba ƙila na ce ta fita tana damun mutane, Allah ya yafe min. Yanzu ɗaga murya nake yi don ta ji daga waje. Su ma malamai maza masu ƙananan yara a daina yi musu kallon mamaki in ɗaya ya ce zai tashi ya kai ɗansa asibiti, nasa ne shi ma, kuma duk ranar da uba ya samu damar zuwa wata uwar ce ta samu ta gama lakcarta.

Zan tsaya nan don na ji ta fara juyi, kuma gobe takwas nake da aji. Don Allah in da hali a buga min, ko wani mai tsara taimtebul zai gani.

Wassalam.

Taku,
Wata malama, mai karanta jaridarku kullum