Nonon Yana Nan, Saukowa Ce Ta Gagara

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mai jego da jaririya? Nan Jos sanyi ya sauko sosai, da asuba sai an ɗora ruwa a wuta kafin a iya alwala.

Na ga saƙonki cewa tun daren da ɓarayi suka shiga unguwarsu ƙanwarki nononta ya ɗauke, har Gwaggo na cewa a sayo madarar gwangwani. Don Allah ku dakata tukuna. Na sha ganin haka a ɗakin masu haihuwa: uwa na kuka, mama ya cika ya yi tauri, amma ko ɗigo babu.

Sinadarin da ke sa jiki ya haɗa nono sunansa furolaktin. Wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin kuma ke riƙe masa linzami. Da jariri ya kama mama sai dofamin ya sassauta, furolaktin ya hau. Firgici ba ya kashe shi, sau da yawa ma ƙara shi yake yi.

Mai laifin wani sinadari ne mai suna adirenalin. In mutum ya tsorata sai ya kwararo cikin jini ya kama makarɓansa, wato wuraren da yake maƙalewa a jiki don ya yi aiki, waɗanda wani masani Ba'amurke, Raymond Ahlquist, ya raba gida biyu a 1948, alfa da beta. Na alfa su ke tsuke jijiyoyin jinin mama, ga shi tsoron ya rage fitar oksitosin, sinadarin da ke matso nonon waje. Makarɓan nan har a ƙwaƙwalwa akwai su. Metildofa, maganin hawan jinin da ake ba masu ciki, ta kansu yake aiki, yana kuma rage dofamin sai furolaktin ya hau, shi ya sa wata kan ga nono na ɗiga alhali ba ta shayarwa.

Ku rage mata 'yan barka, ta samu ɗaki shiru. A gasa mata maman da tawul mai ɗumi, ta rungume yarinyar fata da fata, ta riƙa ba ta akai-akai har cikin dare, lokacin furolaktin ya fi yawa. Ku lura da fitsarin yarinyar. In ta wuce kwana biyar da haihuwa kuma bai kai sau 6 a yini da dare ba, ko ta yi laushi, a kai ta asibiti ranar, kada a jira.

Ki gaida min Umma da Gwaggo. Ki kira ni jibi in ji yadda suka kwana.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Jos