Shawara ga Masu Neman Agogon Hannu Mai Sauƙin Kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami ne, amma yana cin kuɗin talaka a hankali, wato sayen agogon hannu na ɗaurawa kullum. Ba agogon ƙawa nake nufi ba, wanda ake sakawa a lefe ko a ɗaura ranar salla. Ina nufin wanda malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da direba da manomi za su ɗaura tun asuba har dare, rana ta doke shi, gumi ya jiƙa shi, ƙurar hunturu ta rufe shi. Wasu na cewa waya ta kashe kasuwar agogo, to amma duk wanda ya kwana biyu babu wuta har wayarsa ta mutu, ko yake aiki a inda ba a yarda a fito da waya ba, ya san har gobe agogon hannu yana da ranarsa.

Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikinmu idan muka tsaya gaban teburin mai agogo, suna da ƙyalli muke saye. Mutum zai tsallake agogo na asali mai sauƙin kuɗi, ya ɗauki wanda aka rubuta wa Rolex ko Rado, alhali shi da mai sayarwar duk sun san jabu ne, domin Rolex na gaskiya dubban daloli ake sayar da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma haka ake gani: bayan ɗan lokaci ruwan gwal ɗin ya koɗe, wuyan hannu ya yi kore, tururi ya kwanta a cikin gilashi, sai a jefa shi a aljihun tebur a koma kasuwa. Idan aka tara kuɗin jabun da mutum ya saya a jere, sau da yawa sun isa su saya masa na asali guda ɗaya wanda zai yi shekaru yana aiki. A ra'ayina, agogo mai araha wanda bai yi ƙaryar sunansa ba ya fi jabu mai babban suna ta kowace fuska.

Kafin a shiga ciniki, ya kamata mai saye ya san irin injin da yake so. Akwai mai batir, akwai kuma wanda ake wanawa, wanda ya haɗa da otomatik da ke wana kansa da motsin hannu. A cikin mai batir akwai ɗan ƙanƙanin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, injin kuma yana ƙirga karkarwar ya fitar da lokaci. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara fito da irinsa na hannu kasuwa a shekarar 1969, kuma cikin shekarun da suka biyo baya agogo mai daidaiton lokaci ya daina zama kayan masu hali kaɗai. Irin wannan agogon, in dai na kirki ne, kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 30 a wata, alhali otomatik mai araha yana iya yin gudu ko jan ƙafa na kusan haka a yini ɗaya. Ba na raina otomatik, domin Seiko 5 da aka fara ƙerawa a 1963 ya yi wa iyayenmu hidima sosai, ba ya neman batir, wasu ma sun gaje shi yana aiki. Sai dai idan aka ajiye shi kamar awa 40 ba a ɗaura ba zai tsaya, yana buƙatar wanki da mai bayan wasu shekaru, kuma da yawan na gwanjon da ke yawo an haɗa su ne da sassan tsofaffin agogo daban-daban, aka sake wa fuskar fenti. Wanda aljihunsa bai da nauyi, kuma lokaci yake nema, ya fara da mai batir.

Misalin da kowa ya sani shi ne baƙin Casio ɗin nan mai lamba, F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau ana ƙera shi. Ba shi da nauyi, yana da ƙararrawa da fitila, kuma batirinsa mai lamba CR2016 yana kai kimanin shekara bakwai. Farin jininsa ne ya sa jabunsa ya cika kasuwa. Akwai gwajin da ake yi masa nan take: a danne maɓallin da ke gefen dama na kamar daƙiƙa uku, na asali zai nuna sunan kamfanin a fuskarsa. Wasu masu jabun sun koyi kwaikwayon wannan ma, saboda haka a haɗa da duba tsaftar rubutun da laushin robar maɗaurin, a kuma karkata shi gefe a ga ko lambobin suna nan sarai. Wanda ya fi son mai hannaye zai samu masu sauƙin kuɗi a wajen Casio ɗin, da Q&Q da ke ƙarƙashin kamfanin Citizen, da wasu da ke ɗauke da injin Miyota, wanda masu gyara suka saba da shi.

Maganar ruwa ita ce ta fi shafar mu, domin mu mutane ne masu alwala sau da yawa a yini. Rubutun da ke bayan agogo yana ruɗar mutane ƙwarai. Idan an rubuta 30M ko 3 BAR, ba ana nufin za a iya nutsewa da shi mita 30 a cikin rafi ba. A ɗakin gwaji aka auna shi yana sabo, ruwa yana tsaye cik, kuma a aikace abin da zai iya jurewa shi ne fantsamar ruwa da yayyafi. Mai 50M ya fi shi juriya kaɗan, mai 100M kuwa shi ne wanda za a iya iyo da shi hankali kwance. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ko ruwan buta kada ya taɓa shi. Tunda dole ne ruwan alwala ya game hannu har gwiwa, ko dai a cire agogon ko a matsar da shi, kuma wanda ya san ba kullum zai tuna ya cire ba, gara ya ƙara ɗan kuɗi ya sayi mai 50M ko 100M. Ko da hakan, abin da ke tare ruwan wani siririn zoben roba ne a ƙarƙashin murfin baya da jikin maɓallin murzawa da ake saita lokaci da shi, kuma sabulu da ruwan zafi da tsufa suna busar da shi. Don haka ba a wanka da agogo, ba a danna maɓallansa yana jiƙe, kuma a tabbata maɓallin murzawar ya koma mazauninsa bayan kowane saiti.

A duba jikin agogon ma. Da yawa an rubuta STAINLESS STEEL BACK a bayansu, ma'ana murfin baya ne kawai ƙarfen da ba ya tsatsa, sauran jikin kuwa wani ƙarfe ne mai araha da aka shafa wa ruwan azurfa ko na gwal. Gumin bazara yana cinye wannan shafen, wasu mutanen har ƙaiƙayi da ƙuraje yake sa musu. Jikin roba mai kyau, ko na ƙarfe marar tsatsa gaba ɗaya, shi ya dace da yanayinmu. Maɗaurin fata yana da kyan gani, amma gumi da ruwa suna sa shi wari da tsagewa da wuri. Gilashi kuwa, na roba yana saurin karcewa amma ana iya goge shi, kuma idan ƙura ta hau kowane iri a fara hure ta kafin a shafa, domin yashin da ke cikinta yana karce gilashi.

A wajen ciniki kada a ji kunyar ɗaura shi a gani. Faɗin milimita 36 zuwa 40 ya wadaci yawancin hannayen maza, na mata kuma ƙasa da haka, kuma agogon da kunnuwansa, wato inda maɗauri ke kamawa, suka zarce faɗin wuyan hannu zai riƙa kama hannun riga yana bugun ƙofa. A jawo maɓallin a juya hannayen su zaga awa 12, a ga ko suna gogar juna, a tsayar da su a ƙarfe 12 a ga ko sun hau kan juna daidai. Idan akwai ƙananan da'irori a fuskar, a danna maɓallan gefe a ga ko hannayensu suna motsi, domin a jabu da yawa manna su kawai aka yi. A nemi rasit mai ɗauke da lambar samfurin da tsawon garanti. Mai saye ta intanet ya yi hattara da hoto, kuma idan kuɗin ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, wannan kaɗai ya isa dalilin ja da baya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Najeriya, ta ba mutum damar mayar da kayan da aka samu da aibi, amma ba tare da rasit ba magana tana wuya.

Saiti shi ne inda sabon agogo ya fi lalacewa a hannun mai shi. Mai sarƙa kusan kullum yana zuwa da yalwa. A cikin sarƙar akwai ƙananan kibau da ke nuna ɓangaren da ake tura ƙusar kowace gaɓa, kuma idan aka buga ta ta ɗaya ɓangaren sai ta lanƙwashe. A cire gaɓoɓin daga ɓangarorin biyu daidai gwargwado, don makullin ya zauna a tsakiyar cikin hannu, sa'annan a ƙarasa daidaitawa da ƙananan hudojin da ke jikin makullin. Gwajin shi ne ƙaramin yatsa ya iya shiga ƙarƙashin sarƙar da ɗan matsi, domin hannu yana ɗan kumbura da zafi ya saki da sanyi. A karɓi gaɓoɓin da aka cire a adana su a gida, tunda samun irinsu daga baya ba shi da sauƙi.

Wajen saita lokaci, a jawo maɓallin sa'ad da hannun daƙiƙa ya kai kan 12, a daidaita awa da minti, a mayar da shi daidai lokacin da wayar da ke karɓar lokaci daga layi ta shiga sabon minti. Kwanan wata kuwa yana da ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba. Tsakanin ƙarfe 9 na dare da kamar ƙarfe 3 na dare, haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama aiki, kuma tilasta musu a wannan lokacin yana iya karya su. A fara kai hannayen ƙarfe 6, a sa kwanan jiya, sa'annan a juya hannayen gaba har kwanan ya sauya da kansa, nan ne sha biyun dare, daga nan a ƙirga zuwa lokacin da ake ciki. Wanda agogonsa ke sauya kwana da tsakar rana, wannan matakin aka tsallake. Sau biyar a shekara, bayan Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba, sai an tura kwanan gaba da hannu. Shi kansa F-91W kwana 28 yake ƙirga wa Fabrairu a kullum, saboda haka a shekarar da Fabrairu ke kwana 29, irin 2028, sai an gyara masa.

Akwai kuma agogon lokutan salla irin su Al-Fajr da Al-Harameen da alhazai ke kawowa tsaraba. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Sudan da awa ɗaya, Ghana kuma tana bayanmu da awa ɗaya, amma mayar da awa kaɗai bai wadatar ba. Dole a shiga saitin a zaɓi garin da ake zaune, domin ko a cikin Najeriya rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato. Mai azumin da agogonsa ke kan saitin wani gari yana iya shan ruwa kafin lokaci, don haka a gwada shi da kiran sallar masallacin unguwa kafin a dogara da shi.

Ina da kira ga 'yan'uwanmu masu gyaran agogo, waɗanda nake girmama sana'arsu. Na sha tsayawa gaban ɗan akwatin gilashin mai gyara, yana ɗauke da madubi a ido ɗaya, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin baya, zoben robar ya faɗo kan tebur cikin tarkacen ƙusoshi, ya sa batir ya danne murfin ba tare da ya mayar da zoben ba. Daga ranar agogon ya daina tare ruwa, mai shi kuma bai sani ba sai ya ga tururi. Haka nan batir iri biyu ne masu girma ɗaya: SR626SW, wanda ake kira 377, ya fi daɗewa, LR626 kuwa ya fi araha amma yana saurin ƙarewa, ya kuma fi yawan yoyo a cikin inji. A faɗa wa mai agogo bambancin da kuɗin kowanne, a bar shi ya zaɓa. Shi ma mai agogo kada ya bar mataccen batir ya daɗe a ciki, kuma tsohon da aka cire kada a yar da shi inda ƙaramin yaro zai tsinta ya haɗiye, domin yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Ina kuma roƙon ƙungiyoyin 'yan kasuwar agogo a Kano da Kaduna da Maraɗi da sauran garuruwanmu su ɗora wa mambobinsu raba na asali da jabu a kan tebur, a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunsa kafin a yi sallama, a kuma ba shi rasit ko bai tambaya ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya