Wasiƙa daga wanda ya wuni a filin jirgi

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma zama a can? Saƙonka ya iso, na ga inda kake tsokanata wai na zama babban mutum, yau ina nan gobe ina can, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. To tunda ka ce kai ma tafiya ta taso maka, kuma rabonka da jirgi an kwana biyu, bari in ba ka labarin yadda na wuni a tafiyata ta baya-bayan nan, ka ji irin girman da kake hangowa.

Zaman da muka yi a sama bai kai ya kawo ba. A ƙasa wunin ya tafi, kuma babu abu ɗaya a ciki da zan iya kira masifa. Ƙananan abubuwa ne da in ka faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya sai ya yi maka dariya, amma in suka taru a kanka daga asuba zuwa dare, sai ka isa masauki ko gaisuwar kirki ba ka iya amsawa.

Da duhu na fito, don an ja kunnenmu cewa a iso da wuri. Na iso da wurin, na tarar kowa ma ya iso da wuri, layi ya yi lanƙwasa har ya kusa kai bakin ƙofa, kanta kuwa biyu kacal aka buɗe. Wata baiwar Allah ce a gabana. Da aka ɗora akwatinta a sikeli sai ya zarce kilo 23 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ma'aikaciyar ta ce ko ta biya kuɗin ƙari ko ta rage. Nan ta durƙusa a kan tayil ta zuge akwatin a gaban jama'a, tana zaro takalma da tawul tana cusawa a jakar hannu, mu kuma muna kawar da kai don kada ta ji nauyi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kayan nan duka jirgi ɗaya za su shiga. Nauyin bai ragu da ko giram ɗaya ba, wuri kawai ya sauya. Na san dai akwai dalilin iyaka a kan kowane akwati, don mutane ne suke ɗagawa da hannu suna jerawa a cikin jirgin, shi ya sa yawancin kamfanoni ba sa karɓar guda ɗaya da ya wuce kilo 32 ko nawa za ka biya. Amma mai durƙuso a ƙasa ba wanda ya yi mata wannan bayani.

Daga nan sai wurin bincike. Ka san yanzu sai ka kusa tuɓewa: agogo, bel, waya, makullai, kwamfuta a fito da ita daga jaka a sa ta a tire nata daban. Wani dattijo na gani ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar yadda aka umarce shi, ɗayan kuma yana riƙe da wandonsa don kada ya zame, ga shi da safa kawai a kan tayil mai sanyi. Ni kuwa gorar ruwana aka karɓe, ko buɗe ta ban yi ba. Wannan doka ta ruwa tana da asali. A watan Agustan 2006 ne 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada da sinadarai masu ruwa-ruwa da za a ɓoye a cikin kwalaben lemo. Bayan haka ne aka kafa iyakar mililita 100 ga kowace kwalba a jakar hannu, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a cikinta ba. Cire takalmi kuma ya samo asali ne daga Richard Reid, wanda a Disambar 2001 ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a takalminsa a jirgin da ya tashi daga Faris zuwa Mayami. Mutum ɗaya ya yi ta'asarsa bai ma yi nasara ba, miliyoyin mutane suka shekara da shekaru suna takawa da safa. Ba na jayayya da bincike, kowa yana son ya sauka lafiya. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowane fili da irin nasa tsarin: nan a ce ka fito da kwamfuta, can a harare ka don ka fito da ita, tunda su sun sayi sabuwar na'urar da ke ganin cikin jaka ta kowace fuska. Kana wucewa kuma taku kaɗan, ga irin gorar da aka karɓe maka ana sayarwa da tsadar da za ta sa ƙishirwar ta gudu da kanta.

Duk wannan sauri da aka sa mu, ashe sauri ne zai haifi nawa. Ina isa ƙofar shiga jirgi na ɗaga kai na dubi allo, lokacin tashi ya matsa gaba da minti 20. Na ce wannan ai ba komai. Da minti 20 ɗin suka cika sai aka ƙara wasu, sannan aka sake ƙara wasu. A nan ne raina ya fi ɓaci a duk wunin, kuma ba jiran ne ya ɓata shi ba. Da tun farko wani ya fito ya ce mana jirginku sai bayan awa uku, da kowa ya san inda dare ya yi masa: mai barci ya nemi lungu, mai aiki ya buɗe kwamfutarsa, mai jiran a tarbe shi ya buga waya ya ce kada a fito tukuna. Amma da ake yanko mana jinkirin kaɗan-kaɗan, ba ka isa ka matsa ko nan da can ba. Ko banɗaki za ka sai ka tafi da kunne ɗaya a lasifika, ita kuma lasifikar ba abin da kake tsinta a cikinta sai lambar jirgi da "muna ba da haƙuri".

Kuma fa mutanen kamfanin jirgin sun san dalilin jinkirin, wannan ne ya fi ci mini rai. Jirgin da zai ɗauke ka ba a ajiye yake yana jiranka ba, daga wani gari yake zuwa, kafin nan ma ya je wani garin. In ya makara da safe, makarar za ta bi shi har dare tana ƙaruwa a kowane zango, shi ya sa jirgin farko na asuba ya fi kowanne cika alkawari. In ya sauka sai an sauke mutane da kaya, an share, an sha mai, an duba lafiyarsa. Matuƙa da ma'aikatan ciki suna da iyakar awoyin aiki da doka ta yanka musu, in jinkiri ya cinye awoyin dole a nemo wasu. In kuma jirgi ya rasa gurbin tashin da masu kula da zirga-zirgar sama suka ba shi, sai ya jira wani. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da mai hankali ba zai fahimta ba in an gaya masa. Wani matashi da ke kusa da ni ya duba manhajar bin sawun jirage a wayarsa, ya nuna mana namu ko tasowa bai yi ba daga inda yake, alhali allo yana cewa saura minti 20. Ƙasashen Tarayyar Turai dai sun yi doka tun 2004 da ke tilasta wa kamfani, in ya ɓata wa fasinja tafiya, biyan diyya daga yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, kuma kotunsu ta ce jinkirin da ya kai awa uku ma ya shiga ciki, sai dai in abin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Mu dai haƙuri aka ba mu, shi ma ta lasifika.

Ana cikin haka cajin waya ya fara ja. Soket biyu ne a duk zauren, ɗaya ya mutu, ɗayan kuma mutane sun kewaye shi a tsugune kamar masu jin ɗumin wuta da sanyin safiya. Kai dai ka riƙe pawa bank ɗinka a jakar hannu. Ko ba don wannan ba ma, ba a yarda a sa shi a akwatin da za a kai ƙasan jirgi ba, saboda batirin litiyam in ya kama da wuta gara a ce yana inda ido zai gan shi.

Sai aka sauya mana ƙofa zuwa can ƙarshen ginin. Muka kwasa da gudu-gudu sauri-sauri, muka je muka sake zama.

Da aka fara kira, an ce rukuni-rukuni za a shiga, amma kowa ya miƙe lokaci ɗaya. Da ina ganin wautar masu yin haka, tunda kujerar kowa da lambarta. Ashe ba kujera suke wa rububi ba, wurin ajiye jaka na sama suke wa, don bai isa kowa ba, wanda ya shiga a ƙarshe kuma sai a raba shi da jakarsa ko ya tafi da ita a ƙarƙashin ƙafa. Kujerar tsakiya ce ta faɗo mini. Na dama ya mallake madogarin hannu, na hagu ma haka, ni na naɗe hannuwana a ƙirji. Ba mu daɗe da tashi ba na gabana ya kwantar da kujerarsa har ta daki gwiwata, ban kuma ga laifinsa sosai ba, tunda tazarar da ke tsakanin layi da layi a irin waɗannan kujeru ba ta cika wuce inci 30 ko 31 ba.

Akwai takurar da na daina jin haushinta tun da na san dalilinta. Miƙar da kujera da naɗe tebur lokacin tashi da sauka, don hanya ta zama a buɗe ne in ta ɓaci, domin ba a ba babban jirgin fasinja izinin aiki sai an gwada an ga za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe suke. Ka ga wannan in an ce ka yi, sai ka yi da daɗin rai. Haka ma jaririn da ya tsanyare da kuka da muka fara gangarowa. Iskar cikin jirgi ana riƙe ta ne daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, in ana sauka sai matsin ya ƙaru ya danne dodon kunne. Kai babba sai ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma kunnen ya buɗe, shi kuwa bai san wannan dabara ba. Uwar tana ta jijjiga shi tana waige-waigen neman afuwa da ido, wani na huci a bayanta, sai na ji shi mai hucin ne ya fi damuna. Ga kuma bushewar iska, laimarta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, maƙogwaro ya bushe, ido ya yi yaji, sai na sake tunawa da gorata.

Tayoyi na taɓa ƙasa kowa ya zabura ya tsaya, kai a sunkuye ƙarƙashin ma'ajiyar jaka, ƙofa kuwa ko alamar buɗe ta babu.

A wurin karɓar kaya bel ya yi ta zagayawa da wani jan akwati da ba mai shi, mutane suna ɗauka suna tafiya har muka rage 'yan kaɗan muna kallon juna. Nawa ya fito daga ƙarshe, taya ɗaya ta ɓalle, sai jan sa na yi yana ƙara a kan tayil kowa na juyowa. Ka riƙe wannan don zai yi maka amfani: a tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce in an lalata maka kaya, in kuma akwati bai iso ba har kwana 21 ana iya ɗaukar sa a matsayin ya ɓata. Amma kada ka bar filin sai ka je teburin ƙorafin kaya an cike maka takarda, kuma kada ka yar da ɗan sitikan da suka manna maka a katin shiga jirgi, shi ne shaidarka. Na je na cike tawa, har yanzu ina jiran su kira.

Tikitin naka, in da hali ka nemi na farkon safiya, ka zaɓi kujerar bakin hanya tun wurin saye, ka shiga da gora ba ruwa ka cika ta bayan an gama bincike. In kuma sai ka sauya jirgi a hanya, kada ka yarda da tazarar da ba ta kai awa biyu ba komai arahar tikitin. Ka turo mini rana da lambar jirgin da zarar ka saya, zan riƙa dubawa daga nan ina gaya maka gaskiyar inda yake.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Naka har kullum,
abokinka