Barka da Sallah, da Maganar Soron Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baffa, Allah ya ƙara girma da lafiya, da Goggo, da Yaya Babba, da dukkan mutanen gida a Bauchi. Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya dawo da alhazanmu lafiya, ya maimaita mana. Nan Ingila rani ne irin nasu, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, lambuna duk sun yi shar. Ku kuma na san Sallar bana ta same ku a bakin damina, shi ya sa na ga bai kamata wannan magana ta jira ba.

Yaya ya ce an fara shawarar ko a rushe soron Kaka, ko a shafe shi da siminti a sa haya. Baffa, ina roƙon arziki a dakata. Aikin da nake yi a nan na lambun tsofaffin gidajen tarihi ne, kuma abin da ke raya irin waɗannan gidaje ba ya fi ƙarfinmu: lambu, da sana'ar hannu, da labarin mutanen da suka zauna a ciki. Ƙungiyar National Trust, wadda ke riƙe da ɗaruruwan irinsu, an kafa ta a 1895, kuma ginin farko da ta saya a 1896 wani tsohon gidan limamin coci ne mai rufin ciyawa a ƙauyen Alfriston, a kan fam 10, yana gab da zubewa. Har yau ana shiga kallonsa. Mu ma muna da misali a kusa, Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa.

Siminti dai kada a kusanta shi da bangon. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti kuwa yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe, gara ta samu ɗaki mai duhu, wata rana shafen ya ɓamɓaro da rabin bangon. A yankin Devon na nan Ingila akwai gidajen ƙasa da kara masu ɗaruruwan shekaru, kuma wannan kuskuren ne ya fi kashe su. A nemo magini na gargajiya ya yi yaɓe da ƙasa irin ta asali, ya bi da makuba. Idan akwai mai iya haɗa laso, da katsi da gashin jima da dafara, a yi wa rufin da zankwaye. Kafin ruwa ya kankama a hau a share indararo, a duba kan kowace azara inda ta shiga bango, don nan take fara ruɓewa. A tayar da ƙasar gindin bango ta gangara waje.

Sai lambu, inda na fi son Yaya ya natsu. A manyan gidajen nan akwai lambun girki kewaye da katangar bulo mai tsayin mita 3 zuwa 4. Suna dasa itatuwan marmari a jikin bangon da ke fuskantar kudu, saboda bulon yana riƙe zafin rana ya saki da dare. Mu matsalarmu akasin haka ce, inuwa muke nema da kariya daga awaki, amma tsarin cikin zai yi mana amfani. Sukan raba filin kashi huɗu da hanya a tsakiya, kowace shekara shukar ta matsa zuwa kashi na gaba, sai bayan shekara huɗu ta dawo wurinta na farko. Dalili kuwa cutar da ke cikin ƙasa ce. Wanda ya maimaita kuɓewa ko tumatir a wuri guda zai ga ganye yana yaushi da rana ko da an ba da ruwa, in ya tumɓuke ya tarar da saiwar ta yi ƙulli-ƙulli. Wata tsutsa ce da ido ba ya gani. A filin da ke bayan rijiya, a yi kashi ɗaya wake da gyaɗa da gurjiya, na biyu kuɓewa da yakuwa da rama, na uku gero ko dawa ko masara, na huɗu albasa da alayyafo. Kuɓewa da rama da yakuwa da auduga dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada a ɗauka an yi sauyi don an cire wannan an sa wancan. Hatsi ya kamata ya biyo bayansu.

Faɗin kowane fangali kada ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba a taka ƙasar ba, tsakaninsu kuma a bar hanyar da baro zai wuce. A bar aƙalla mita 2 tsakanin shuka da bangon soro, bishiya kuwa mita 6 ko fiye. Ban ruwa a gindin ginin ƙasa kiran gara ne.

Taki yana hannunku yau ɗin nan. Kashin ragunan layya da abin cikin tumbi da ake zubarwa a kwata, a haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 nesa da rijiya a zuba su, ana shimfiɗa busasshen ganye ko kara mai kaurin taƙi guda, a bi da taki rabin haka, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A juya duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari. In ya yi ɗoyi ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. In bai ɗau zafi ba ya bushe ne. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa.

Abin da ya raba lambun gidan tarihi da lambun kasuwa shi ne iri. Ba a shuka na leda, ana neman wanda mutanen gidan suka ci a zamaninsu. Akwai wata ma'ajiyar tsofaffin iri a nan, Heritage Seed Library, da ke raba wa masu sa kai iri su shuka su mayar mata da sabo, don iri ba ya rayuwa a kwalba har abada. Goggo, ku ne ma'ajiyarmu. Irin kuɓewar Kaka, da karkashi, da lalo, da duman da ake yin ludayi da shi, duk wanda ya rage a hannunku ko na tsofaffin unguwa a tattaro. A ƙara da lalle, da baba, da auduga 'yar gida. Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, a shuka biyu-biyu a tazarar santimita 40. Wadda za a bar wa iri kada a haɗa ta da wata kuɓewar a fili ɗaya, ƙudan zuma na haɗa su. A bar ta ta bushe a jikin uwar, a ɓare, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da toka, a rubuta suna da shekara da wanda ya bayar.

Kayan ɗakin Kaka kuma, wato akusa, da tasoshin jere, da adudu, da tandu, da mazari, da babbar rigar saƙi, maƙiyansu haske ne da danshi da ƙwari. Masu kula da kaya a nan ba sa barin hasken da ke kan tufa ya wuce abin da suke kira lux 50, kamar hasken cikin zaure da la'asar sakaliya, domin launin da rana ta ci ba ya dawowa. Danshin iska kuma suna riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 65 cikin ɗari. Wurinmu hunturu na busar da iska ƙwarai, damina ta cika ta, wannan hawa da saukar ne ke tsaga ƙwarya da akushi. Soron ƙasa mai kauri ya fi ɗakin kwano daidaita wannan nesa ba kusa ba, to a bar kayan a cikinsa, bisa katako taƙi guda daga daɓe, ba a jingine da bango ba. Kada a wanke riga, kada a shafa wa akushi mai, kada a dirje tasa da toka. Ƙura a share ta da burushi mai laushi. Riga a rage mata ninki, a sa farin ƙyalle wankakke a cikin kowace karya. In an ga asu ko garin katako yana zuba, a nan firiza ake sa kayan na sati biyu a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, amma wannan sai wuta mai tsayawa. Mu rana ta ishe mu: a naɗe tufar da farin zane, a sa a baƙar leda a ɗaure, a ɗora bisa katako a rana yini guda. Zafin da ya kai digiri 55 yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Ban da fata da duk abin da aka liƙa da ƙaro.

Takardun ajami na cikin gafaka su na fi jin tsoro. Kada a kai su a manne da leda, kada a sa salatif, kada biro ya taɓa su, kuma a taɓa da busasshen hannu, don tawadar ƙaro ruwa na narkar da ita. Ganyayen ba a ɗinke suke ba. Kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon shafin da ke biye, da ita ake gane jeri. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa, a mayar yadda aka same su.

Yaran da za su zo kallon gidan kuma ba a ba su kayan asali. Ana sayo irinsu a kasuwa don taɓawa, a karɓi yara 10 zuwa 12 a lokaci guda. Su gurje audugar lambun, su shiɓe, su gwada kaɗi da mazari. Su yi zanen ƙwarya. A gina musu ɗan guntun bango a tsakar gida su koyi zanen dagi a ɗanyen yaɓe. Cikin soro fensir kawai ake shiga da shi.

Akwai wani gida a Wales mai suna Erddig, wanda National Trust ta karɓa a 1973. Masu gidan sun sa an zana hotunan barorinsu tun wajen 1790, har da baitoci a kan kowane, kuma yau baƙo ta ɓangaren ma'aikata yake shiga kafin ya kai falon masu gida. A 2020 ƙungiyar ta fitar da rahoto a kan wurare 93 nata da ke da alaƙa da cinikin bayi da mulkin mallaka. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma a ganina sun yi daidai. Mu ma in za a ba da tarihin gidanmu, a faɗi wanda ya haƙa rijiyar, da matan da suka yi daɓe, da masu surfe da niƙa, da waɗanda suka zauna a gidan ba da son ransu ba, cikin mutunci da yardar zuriyarsu.

Yanzu da dangi suka taru, wannan ne lokacin ɗaukar muryar tsofaffi. A nemi izini tukuna. A rufe layin waya kada kira ya katse, a ajiye ta kusa da bakin mai magana, a ɗaki mai tabarma nesa da janareta. A fara da faɗin rana da wuri. Kada a ce "ba mu tarihi", sai a samu jerin sarakuna tun daga Yakubu. A miƙa wa Goggo maburgi ko faifai a tambaye ta na wa ne, me ake yi da shi. Minti 45 ya isa zama ɗaya. Mata su tambayi mata. A ajiye kowace murya a wuri uku, ɗaya a turo mini.

Kuɗin magini da makuba na ɗauka, Yaya ya sanar da ni abin da aka yanke. A auno mini tsawo da faɗin filin bayan rijiya in zana fangalan. A gaida Inna, da Kawu da iyalinsa, da Malam Liman, da maƙwabta. Goron Sallar yara yana hannun Yaya. A ajiye mini soyayyen nama cikin kitse.

Wassalam,
Ɗanku.