A Riƙa Tara Ruwan Sama Domin Lambun Gida

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu lambu a gida kan ruwan saman da ke zubowa daga indararo yana malalewa a banza, alhali idan rani ya yi shukokinsu ne ke fara jin jiki.

Lissafin a fili yake: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi yana ba da lita 1. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 20, zai tara kusan lita 1,000, ban da ɗan abin da ya fantsame. Ga shi kuma ruwan ba shi da sinadarin kulorin irin na famfo, gishirinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙasa da saiwa suke jin daɗinsa.

Sai dai tarin yana buƙatar kula. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a juya indararon zuwa tanki, a sa raga a bakinsa saboda ganye. Abin da ya fi damuna shi ne buɗaɗɗen duro, domin sauro yana iya ƙyanƙyashewa a cikinsa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, kuma haɗari ne ga ƙananan yara. A rufe shi ruf, a zaɓi wanda haske ba ya ratsawa don kada gansakuka ta fito, sannan a ɗora shi bisa dakali mai ƙarfi yadda ruwan zai gangara ta tiyo zuwa gindin shuka.

Naka,
Mai karatu