Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aikin Lambun Sihiri Ya Kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa membobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da ƙungiyarmu ta masu wasan labari a kan tebur, wasan da kowane ɗan wasa ke wakiltar jarumi a cikin labari, ta yi a shekarar da ta ƙare. Zaman wasa ya gudana yadda aka saba, mun karɓi sababbin membobi, an kuma horar da ƙarin masu jan labari. Aikin da ya fi cin lokacinmu dai shi ne Lambun Sihiri, wanda babban taron bara ya ɗora mana ginawa a cikin duniyar wasanmu domin koyar da lissafin siffofi.

Lambu ne da takobi ko tsafi ba sa buɗe ƙofofinsa. Jarumi yana shiga da igiya da turaku kawai. A ƙofar farko zai tarar da turaku biyu a kafe, kuma furannin ba za su ba shi hanya ba sai ya kafa na uku inda gefuna ukun za su zo daidai. Ɗan wasa zai zana da'ira biyu a takarda, kowace ta zagaye turke ɗaya ta ratsa ta kan ɗayan, ya kafa nasa a mahaɗarsu. Da wannan aikin Yuklid, malamin Iskandariyya, ya buɗe littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙofa ta biyu ana ba da igiya mai gaɓa 12, a ja ta 3 da 4 da 5, sai kusurwa mai digiri 90 ta fito, saboda 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5. Tafkin tsakiya ya fi burge kowa: a ɗaura igiya sako-sako a turaku biyu, a ja ta da sanda a zagaya, doguwar da'ira ta bayyana. Masu lambu na gaske ma haka suke shata gadon fure.

Doka ɗaya ta jawo muhawara mai zafi: ba a jefa ɗan ludo, wanda da shi ake yanke nasarar jarumi a wasan, a ƙofofin lambu. Wasu membobi sun ce idan jarumin da mutum ke wakilta masani ne, ya kamata jifa ya wadatar. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin haka tsarin wasan yake a ko'ina. Duk da haka kwamiti ya tsaya a kan dokar, ni ma ina bayanta, don wanda ya wuce ƙofa da sa'ar jifa bai taɓa igiyar ba balle ya gane dalilin buɗewarta.

Sai ga 'ya'yan ludon wasan, masu yawan fuskoki daban-daban, sun zama darasi da kansu. Masu fuska 4, 6, 8, 12 da 20 su ne siffofi biyar kaɗai da dukkan fuskokinsu da kusurwoyinsu suke iri ɗaya. Mai fuska 10 ba ya cikinsu. An sa 'yan wasa su ƙirga tsinaye, su cire gefuna, su ƙara fuskoki. A mai fuska 6 an samu 8, 12 da 6, a mai fuska 20 kuma 12, 30 da 20, amsar duka 2 ce.

Matsalar da muka gani ita ce masu ƙarfi a lissafi suna mamaye tebur, sauran su koma 'yan kallo. Yanzu kowane ɗan wasa ana damƙa masa kayan aiki ɗaya, kuma ƙofa ba ta buɗewa sai duka sun sa hannu.

Ɓangaren lambun na ƙudan zuma, masu saƙa mai gefe 6, bai kammalu ba. A can za a nuna abin da ya sa, cikin siffofi masu daidaitattun gefuna, masu gefe 3 da 4 da 6 ne kawai ke shimfiɗe fili ba gibi: kusurwoyinsu na digiri 60, 90 da 120 suna raba 360 daidai, 108 na mai gefe 5 kuwa ba ya rabawa. Muna neman membobin da za su gwada shi kafin babban taro, musamman malaman makaranta. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa a zama na gaba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa